Kilo Ɗaya da Giram Ɗari Biyu

Da hantsi ne, rana ta fara zafi a kasuwar Madawa, Hamidu na zaune bayan sikelinsa yana sayar da albasa, sai ga wata mai tsohon ciki ta tsaya a gabansa da takarda a hannu.

"Malam, auna mini kilo ɗaya da giram ɗari biyu."

Ya auna, albasa biyar. Ta kwashe su a tafukan hannunta ta daɗe tana kallo, sai hawaye.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Daga eko nike. Sun duba cikin da na'ura, sun ce nauyin ɗan ke nan, bai kai ba. So nike in ji shi a hannuna."

Sunanta Mariyatu, daga Bangi. Mijinta ya rasu wata uku da suka wuce, takabarta kuwa sai ta haihu za ta ƙare. Hamidu ya san ba a yi wa mai takaba zancen aure, don haka ya haɗiye abin da ke ransa. Lambarta kawai ya roƙa, wai don ya riƙa jin lafiyar ɗan.

Duk ranar awo sai ta biyo. Kilo ɗaya da rabi. Kilo ɗaya da ɗari bakwai. Shi ke ƙara albasa a kan sikeli, ita ke dariya tana share ido. Ranar kasuwar Bangi yakan aika mata wake da ƙwai a motar 'yan kasuwa, ya bi da saƙo: "'Yar Bangi, ki ci don Allah. Kilo biyu da rabi muke nema."

Ta amsa: "Mai Albasa, ina ci. Yau ya motsa sosai."

Mahaifiyarsa Delu ta ji labari. "Kai da ba ka taɓa aure ba, mi za ka yi da mai cikin wani?"

"Inna, ban ce mata komai ba."

"Ƙwan da kake aikawa ai ya ce."

Wata Laraba saƙo ya shigo: "Na haihu, namiji. Kilo ɗaya da ɗari tara." Bayan kwana huɗu wani ya biyo: "Ya koma."

Hamidu ya bar rumfa ya tafi gida, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya faɗa mata. Delu, wadda ita ma ta binne 'ya'ya biyu, ta dube shi ta ɗauki mayafinta.

"Tashi ka kai ni in yi mata gaisuwa."

Bayan kaka aka ɗaura auren Hamidu da Mariyatu a Bangi. Delu ta riƙe hannun amarya ta ce, "Allah ya ba ki 'ya'ya masu zama, ɗiyata."

Ana shigar da kaya ɗakin amarya, wata 'yar hular jariri ta faɗo daga cikin zannuwa. Mariyatu na can tana gaisawa da mata. Hamidu ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ƙasar, ya linke ta ya sa a ƙarƙashin kayan da ke cikin akwatinta, ya rufe.