Talatin da Ɗaya ga Afrilu

Da sassafe aka bugo waya caji ofis: an tsinci gawar wata mata, mai ƙididdigar kamfanin tace ruwa, a gindin matakalar babban tanki.

Kafin Sufeto ya iso, Saje ya riga ya gama nasa binciken. Shi Saje tambaya ɗaya ya iya a duniya: wa ya yi faɗa da mamaci? Maƙwabta suka ce sun ji ta da mijinta suna cacar baki. Nan take aka ɗauko mijin daga shagon ɗinkinsa aka kulle shi, kuma Saje ya rantse sai ya amsa laifin kisa ko da duka ne.

Sufeto ya duba gawar. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ya hau ofishinta, sai ga ɗayan a ƙarƙashin tebur.

"Daga nan aka ja ta," in ji shi.

Shugaban ɗakin gwaji, ƙanin mahaifiyarta, yana tsaye a bakin ƙofa yana kuka kamar ransa zai fita.

"Ni kawunta ne, ranka ya daɗe. Ni na samo mata aikin nan. Telan nan ne, wallahi. Tun ranar da ya aure ta ban yarda da shi ba."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Tun azahar."

Washegari Sufeto ya sa abokin aikinta a gaba, wani siririn mutum da ake kira Gilashi.

"Wane aiki take yi kwanan nan?"

"Ban sani ba, yallaɓai."

"Teburinku ɗaya, ba ka sani ba? Akwai sauran wuri kusa da telan, ka sani."

Gilashi ya kunna kwamfutar.

"Asibiti ne suka nemi bayanan Afrilu, saboda yaran da amai da gudawa suka kwantar. Kullum ɗakin gwaji na auna maganin da ke cikin ruwa, su shigar da sakamako. Amma kwanan watan zuwa yake mana a matsayin rubutu kawai, manhajar ba ta san rana ce ba. Sai mun ba ta umarni ta mayar da shi lamba, ta jera ranakun bi da bi, sannan ta zana mana layi."

"To?"

"Duk ta karɓa, ban da wannan."

Ya nuna wani layi. Inda ya kamata a ga rana, ɗigo ne kawai.

"Me aka rubuta a wurin tun asali?"

"Talatin da ɗaya ga Afrilu. Manhajar ba ta karɓar ranar da babu ita a kalanda."

"Wa ke shigar da gwajin?"

Gilashi ya rage murya. "Kawunta. Tare na bar su a ofis bayan an tashi."

Sufeto ya aika aka ɗauko Kawu daga gidan makoki, inda ya kame a kan tabarma yana karɓar gaisuwa.

"Zauna, malam. An ce da hannunka kake gwaji."

"Da hannuna. Ban taɓa tsallake rana ba."

"Har cikin Afrilu?"

"Daga farkonsa har ƙarshensa."

"Ranar talatin da ɗaya ma ka auna?"

"Ƙwarai. Na tuna ta sarai, ruwan lafiya lau."

"Afrilu kwana nawa ne?"

Kawu ya buɗe baki, ya soma lissafi da gaɓoɓin yatsunsa, ya tsaya.

"Mai aunawa kullum ba ya auna ranar da Allah bai yi ba," in ji Sufeto. "Sai wanda ya zauna lokaci guda ya cike wata daga kansa. Kuma ba da azahar kuka rabu ba."

Kukan nan duk ya bushe. Abin takaici, ko kunya babu a fuskarsa.

"Injin zuba magani ne ya lalace. Da na faɗa, ni za a kora. Na cike, wa zai duba? Sai ita, uwar iyayi! Na ce ta goge layin nan ɗaya tak, ta ce yara sun mutu. Yaran wa? Ni na goya ta, ni na biya mata makaranta, ta dube ni ta ce za ta tura wa asibiti? Mari ɗaya na yi mata, kanta ya bugi tebur."

"Sai ka ja ta zuwa tanki, ka nuna mana mijinta."

"To wa zan nuna?"

Aka buga masa ankwa. A harabar ofis yayarsa, mahaifiyar marigayiyar, na tsaye, ta biyo shi da ƙafa don ta roƙi a sakar mata ƙaninta. Ya dube ta ido cikin ido.

"Yaya, ke ce ba ki koya mata jin maganar manya ba."

Ta zube a wurin, babu wanda ya iya ɗaga ta.

Sufeto da kansa ya buɗe wa telan ƙofa. Telan ya fito yana dafa bango, ido a kumbure, yatsun hannun damansa a karye. Bai tambayi wanda ya kashe ta ba.

"Yallaɓai, a taimaka a kai ni in ga fuskarta kafin a rufe ta."

Sufeto ya kau da kai. Saje ne ya amsa, yana sakace haƙori.

"Ai tun jiya aka kai ta. Kawun ne ma ya sa ta a kabari."