Mangwaron Inna Hure

Ranar da Aina'u ta fara ganin Fatihu, yana can saman bishiyar mangwaronsu da gora mai ƙugiya a hannu. A ƙasa abokansa 'yan sa-kai na cika kwanduna. Aikinsu ke nan duk bazara: su roƙi masu itatuwa abin da zai zube ya ruɓe, su raba wa tsofaffi da masu jinya a ƙauyukan gefen kogin Watari.

Ta tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya ce Alhaji Sama'ilu, mai gonar.

"Gonar tasa ce," ta ce, "amma bishiyar ta Babana ce."

Nan take ya sauko. Ashe da mahaifinta, Malam Dabo, ya sayar da gonar bai haɗa da bishiyar ba, don mahaifiyarsa, marigayiya Inna Hure, ita ta dasa ta. Fatihu ya yi ta ba da haƙuri. Ita kuwa ta koma gida tana jin haushin kanta, don fuskarsa ta ƙi fita daga ranta.

Da Fatihu ya je neman gafara, Malam bai fito ba. Kamilu, mai sarin mangwaron bishiyar duk shekara, wanda kuma ya daɗe yana son Aina'u, ya riga ya kai labarin wai a kasuwar Ɗambatta aka sayar da kayan. Wata biyu bayan nan manyan Fatihu suka zo neman aure. Malam ya ce wanda bai tsare amanar reshe ba, ba zai ba shi 'ya ba.

Aina'u ta rasa sukuni. Ta ɗora tukunya ta manta da gishiri, ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Sahibata," Fatihu ya rubuto mata, "wallahi ko ɗaya ban sayar ba. Amma laifin hawa nawa ne, ba zan musa wa Baba ba."

"Sarkin hawa," ta mayar masa, "to wa kuka kai wa? Turo min sunayen."

Cikin sunayen ta ga na Baba Larai, makauniya, ƙawar kakarta. A ranar ta je ta riƙo hannunta har zauren gidansu.

Tsohuwar ta ce wa Malam godiya ta kawo, ta daɗe tana neman mai jagora. Ta ce da yaran suka miƙo mata mangwaron, shinshinawa kawai ta yi ta gane na Hure ne.

"Uwarka ba ta taɓa barin nunan fari ya wuce ni ba, Dabo. Shekara tara ban ɗanɗana ba. Na ɗauka kai ka tuna da ni."

Malam ya sunkuyar da kai. Aina'u na bayan ƙofa tana saurare. Can ya kira ta, ya ce ta aika wa yaron nan ya turo manyansa.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam ya dafa kan ango ya ce, "Bishiyar ta zama sadakar Inna, kai za ka kula da rabonta. Kwandon farko na Baba Larai ne. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ga jikoki a inuwarta."

Daga cikin lulluɓi Aina'u ta ce amin.