Dutsen Hanyar Gawa

Da yammacin wata Asabar, Torquil ya dawo da iyalinsa gida daga yawon buɗe ido. Shekaru da yawa ya yi a birnin Glasgow kafin ya komo tsibirin da aka haife shi, kuma yana son matarsa Effie da 'yarsu Mairead su san ƙasarsa. Ya nuna musu kangon fadar da ke kan dutse a bakin teku, da tsofaffin gidajen jinka na ƙauye. Daga nan suka hau wani tudu da babu itace, sai ciyawa da iska. A can, bayan sun sauka, motarsu ta fara gangarawa da kanta, ya zari dutse ɗaya daga wani tari a gefen hanya ya tokare tayar. Da za su tafi, ya jefa shi cikin mota.

"Ka samo wa tsohuwar motarmu birki ke nan," in ji Effie tana dariya.

Torquil bai yi dariya ba. Ya san ko mene ne tarin. A kan wannan hanya ake ɗauko gawa a kafaɗa zuwa makabarta, kuma inda aka sauke akwatin gawar aka huta, kowane mai rakiya yakan ajiye dutse ɗaya. Ana ƙarawa ne, ba a ragewa.

Suna shan shayi, rana ba ta gama faɗuwa ba, tsakuwa ta fara sauka a kan rufin gida. Torquil ya zagaya, babu kowa. Washegari da magariba jifan ya dawo. A rana ta uku Mairead ta ajiye cokali, ta miƙe, ta ɗaga kafaɗarta ta dama kamar mai ɗauke da kaya, ta riƙa kai da komowa cikin ɗaki a hankali. Ta daina cin abinci. Likita ya zo, bai ga ciwo ba.

Effie ce ta kira Murdo, wani tsoho mai karatun littafi da sanin maganin kakanni. Ya zauna gaban yarinyar ya yi addu'a da harshen tsibirin, wanda Mairead ba ta taɓa koya ba. Da shi ta amsa, cikin muryar namiji mai kauri.

"Wane ne kai?" in ji Murdo.

"Mai tsaron hanya. An yi mini giɓi a tarin Peigi. Zan cike shi da wannan yarinyar."

Torquil ya dafa bango. Peigi mahaifiyarsa ce. Ranar da aka binne ta yana Glasgow. Ya ce aiki ne ya riƙe shi, alhali da ya so zuwa, jirgi bai fasa tashi ba.

"Yarinya ba ta ɗaukar maka komai ba," in ji Murdo. "Za a mayar da dutsenka."

"Ɗaya bai isa ba. Tarin ya daɗe da rashin na ɗanta. Bai kawo ba, ya zo ya ɗebe."

"To, biyu."

"A kafaɗa. Da ƙafa, tun daga bakin teku."

Murdo ya waiwayi Torquil. "Ka ji, ɗan Peigi?"

"Na ji. Na yarda."

Mairead ta yi atishawa mai ƙarfi, kafaɗarta ta sauka, ta zube a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji. Me ya sami Baba?"

Da safe Torquil ya zaɓi dutse a bakin teku, ya haɗa da wancan na cikin mota, ya hau tudu, Murdo na biye da shi da sanda. Da suka isa, sai ga tari barkatai, duk iri ɗaya, gansakuka ta rufe su. Ya daɗe a tsaye yana dubawa.

"Baba Murdo, ban san wanne ne ba."

Tsohon ya nuna wani ɗan ƙarami da sandarsa. "Wancan. A nan muka sauke ta. Ni na riƙe gefen kai, inda ɗa yake riƙewa."