Garwashin Habibatu

A zamanin ɗaya daga cikin sarakunan farko na Bauchi, wanda kakata ba ta riƙe sunansa ba, maƙiya suka yi wa gari ƙawanya ana tsakiyar bazara. A lokacin, in ji ta, akwai wani kurmi a cikin ganuwa wajen Ƙofar Ran, mai maɗaci da kanya da tsamiya, da idon ruwa a tsakiyarsa wanda bai taɓa ƙafewa ba.

Babu dogarin da ke gadin kurmin nan. Mata ne. Kullum da safe maƙwabta kan ɗebo garwashi a gidajen juna cikin kasko. To duk wanda ya sari ɗanyen ice a kurmin, sai a hana gidansa wuta. Ba don babu ƙyastu ba. Abin dai shi ne, gidan da aka hana wa wuta, babu macen da za ta sake taka shi, ko biki ko rasuwa. Wadda ake kallo a wannan sha'ani ita ce Habibatu, dattijuwar unguwar, mahaifiyar Bakari Sarkin Ƙofa.

Da maƙiya suka ƙona ƙyauren ƙofa, Madaki ya kira Bakari.

"Sarkin Ƙofa, ina son sabon ƙyaure kafin su dawo. Ga maɗaci can a bayan gidanku."

"Ranka ya daɗe, na kurmi ne."

"Na sani. Da ƙofar tawa ce da na sara da kaina. Ko kaskon mata kake tsoro?"

Fadawa suka yi dariya. Bakari ya sunkuyar da kai, ya ɗauki gatari.

Ƙyaure ya tsaya, gari ya tsira daga harin. Amma washegari matar Bakari ta haihu, haihuwa mai wuya, kuma babu wadda ta leƙa. Ungozoma ta zo har bakin zaure ta juya. Babu mai dafa ruwan jego, babu mai gasa uwar. Sai ga Sarkin Ƙofa da rawaninsa, kasko a hannu, yana bin gidaje. Ko'ina a ce masa, "Wutarmu ta mutu, Sarki," alhali hayaƙi na tashi a tsakar gida.

Ƙarshe ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Mata sun cika ƙofofi suna kallo.

"Inna, jikinta ya yi sanyi."

"Wa ya aike ka kurmi, Bakari?"

"Madaki."

"To je ka gidan Madaki ya ba ka wuta."

"Inna, jaririn namiji ne. Ko kuka ba ya iya yi sosai."

Habibatu ta daɗe tana kallon murhu. Sannan ta tura garwashi cikin kaskon, ta ɗauki mayafi, ta bi bayansa. Uwa da jariri suka rayu.

Ba a yi nisa ba wani maƙeri ya kayar da kanya don gawayi. Matarsa ta fito da kasko, aka ba ta. Wa zai hana, bayan Habibatu ta bayar? Sai masu azara, sai masu itacen girki. Damina ta kori maƙiya, Sarki ya ba Bakari doki da alkyabba, amma gatari bai huta ba. Kafin jaririn nan ya fara tafiya, idon ruwa ya koma taɓo, taɓon ya tsage.

An ce daga nan Habibatu ta daina rufe wutarta da toka. Kullum sai ta bar ta ta mutu, ta fita da kasko tana dogara sanda.

"Ku hana ni mana," take cewa. "Ai ni na fara."

"Haba Inna, wane mu! Kawo kaskon."

Har Allah ya karɓi ranta ba ta sami mai hana ta ba.

Haka aka ba ni labarin. Umarnin Madaki da duk ikonsa itace ɗaya ya kayar. Sauran kurmin ya tafi ne ranar da aka daina jin kunya. Amma ni uwa ce, ban iya ganin laifinta ba, don da ni ce a gaban murhun nan, na san abin da hannuna zai yi. Abin da ke hana ni sukuni ke nan idan na ga 'ya'yanmu na tura leda a kwata, manya na zaune a inuwa, babu mai ɗaga kai. Allah ya jiƙan Habibatu.