Alƙaliyar Da Ta Janye Daga Shari'ar Katanga

A barandar kotu Alƙaliya ta fara ganinsa, yana zuba wa ɗaliban lauya bayani kan hukuncin da ta yanke da safe. Ta riga ta cire rigar aiki, don haka bai san ko ita wace ce ba da ya juyo.

"Malama, kin ji hukuncin nan? Daidai ne, amma hujjojin ba su da ƙashi."

"Wace hujja?"

"Ta ƙarshen nan."

"To, ni na rubuta ta."

Mai sharhin shari'a ne a gidan rediyo, mutumin da bakinsa ba ya mutuwa, amma ranar ya mutu murus. Sai da ya sha wuya kafin ya samo lambarta.

"Ranki ya daɗe, a yi mini sassauci. Laifin farko ne."

"Surutu, ka zo da shaidu," ta mayar masa.

Tun daga nan sunan ya bi shi. Ta so shi ƙwarai, sai dai ba ta taɓa furtawa ba. Ita mace ce da ba ta faɗin magana sai ta auna ta.

Ana cikin haka wata ƙara ta faɗo teburinta: wani mutum na ƙarar maƙwabciyarsa kan ta cusa katanga cikin filinsa. Maƙwabciyar kuwa mahaifiyar Surutu ce. Nan take ta daina ɗaga wayarsa, don alƙali ba ya hira da ɗan wadda ake ƙara. Shi kuma ya ɗauka wani lauya mai sanƙo da ke yawan gaishe ta ne ya yi masa shigar sauri.

"Hasken idona, in an kore ni ne, a karanta mini hukuncin mana," ya rubuto mata.

Ta karanta, ta kife wayar.

Ranar zama, Umma, mahaifiyar Surutu, ta shigo da fara'arta. Ɗanta ya gaya mata komai, kuma a ganinta mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

"Na janye daga wannan shari'a," in ji Alƙaliya. Lauyan mai ƙara ya nemi a rubuta dalili. Ta amsa: "Ina son ɗan wadda ake ƙara, kuma ina fatan aurensa."

Surutu, a bencin baya, ya saki biro.

Wani alƙali ya karɓi shari'ar, ya ce a rushe katangar. Umma ta yi tsalle ta dire: ba za a kawo mata wadda ta gudu ta bar ta a rana ba.

Wata ranar Asabar, Alƙaliya ta je gidan Umma da ƙafarta. Ta tarar da bulo zube a tsakar gida, Umma na kan kujera. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Tambaya ɗaya," in ji Umma. "Da ke kika yanke, wa za ki ba gaskiya?"

Surutu na bayan uwarsa yana ƙifta mata ido kamar ƙasa ta shigar masa.

"Maƙwabcinki, Umma. Katangar ta shiga filinsa."

Umma ta gyara zama.

"Ni na ce wa magini ya matsa kaɗan," ta ce. "Duk gidan nan sun sani. Har wannan mai bakin rediyon, ko tari bai yi ba." Ta juya ga ɗanta. "Je ka kira kawunka, a sa rana."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, maƙwabcin na sahun gaba. Umma ta dafa kan amarya.

"Allah Ya yi muku albarka, 'yata. Ki riƙa gaya masa gaskiya. Ni kuwa, ki riƙa saka mini ɗan sukari."