Waya Mai Bakin Zinare

"Injiniya, ke nake tambaya. In sayi mai tsadar ko in bari?"

Likita ce, wata mai sayayya a wurinsu, ta yi tambayar, tana tsaye a tsakiyar shagon da wayoyin haɗa talabijin guda biyu a hannunta. Ɗaya mai bakin zinare ce, kwance cikin kwali da soso kamar sarƙar wuya. Ɗayar kuwa a leda take, goma irinta ba su kai kuɗin waccan ba.

Injiniya ta saci kallon mai shagon.

Shekara uku tana aiki a shagon nan. Ita ke zuwa gidajen mutane ta kafa talabijin a bango, ta haɗa lasifika, ta ɓoye wayoyi tsaf har ka rantse babu su. Duk wanda ya tambaye ta gaskiya take faɗa masa, kuma da wannan aka san ta. Amma yau ga Baba Mai Shago, wanda kullum yake ce wa masu saye mai zinaren ce ke fitar da hoto, zaune a kujerarsa yana kallon bakinta. Shi ne mahaifin Auta, masoyinta, kuma saura wata biyu ya zama surukinta!

"Daga akwatin kama tashoshi zuwa talabijin ɗinki taku nawa ne?" ta tambaya a hankali.

"Ko taku biyu bai kai ba."

"To... ta ledar ta ishe ki, Likita. Hoton ɗaya ne."

Ma'aikatan shagon suka juyo.

Kashiya mai karɓar kuɗin shagon, ƴar ƙanin Baba, wadda ta daɗe da ɗora ido a kan Auta, ta dafe ƙirji. "La'ilaha! A gaban Baba?"

Baba ya jira sai da Likita ta fita da ledarta. Sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Shekara talatin ina sayar da waya. Yau na zama maƙaryaci a shagona."

"Baba, wallahi ba haka nake..."

"Yarinyar da ta ƙaryata ni tun ba ta shigo gidana ba, in ta shigo duka na za ta yi. Ajiye mini jakar aiki. Maganar aure kuma a dakata."

Ta ajiye jakar. Ba ta yi kuka ba sai da ta sha kwana, don ko mutuwa za ta yi ba za ta bari Kashiya ta ga hawayenta ba.

Da yamma Auta ya zo ƙofar gidansu, ko gaisuwar kirki bai iya yi ba.

"Zuciyata, me ya kai ki?"

"Tambayata aka yi."

"Ai da kin ce ba ki sani ba!"

"Ni? Ban sani ba?" Ta ɗago ido. "Autan Baba, kai ma ka san na sani."

"Na sani, ruhina. Amma kalma ɗaya ce. Ki ce masa kuskure kika yi, shi ke nan, a wuce wurin."

"Haƙuri zan ba shi har ƙasa, don uba ne. Amma in ce ƙarya na yi? Gobe da wane ido zan shiga gidan Likita?"

"Ko don ni?"

Nan ne ya yi mata ciwo. Tana son yaron nan kamar ranta. Shi ne mai riƙe mata tsani in tana huda bango, shi ne mai ce mata Injiniyata a gaban kowa ba kunya. Ta juya masa baya don kada ya ga idonta.

"In sai na yi ƙarya za ka same ni, to ba ni ka samu ba, masoyi."

Ya kama hanya ya tafi.

Umma, wadda ta ji komai ta taga, ta tarye ta da faɗa. "Ke dai bakinki zai kashe ki! Waya? A kan waya za ki rasa miji? Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

"Zan durƙusa, Umma. Ƙarya ce dai ba zan yi ba."

"Taurin kan ubanki sak!" in ji Umma. Amma da ta juya, murmushi take ɓoyewa.

Kwana shida ba kira, ba saƙo. Injiniya ta rame, abinci ma sai an yi da gaske.

Rana ta bakwai Auta ya dawo da labari. Wai Kashiya ce ta kawo shawara: a jera talabijin biyu iri ɗaya, a saka wa ɗaya mai zinare, ɗaya ta leda, a rufe bayansu da labule. In Baba ya nuna mai zinaren da idonsa, Injiniya ta janye maganarta a gaban ma'aikata.

"Kashiya ce ta kawo wannan?" Injiniya ta taɓe baki. "Yaushe kura ta fara rabon nama?"

"Za ki zo?"

"Har da kwalliyata."

Asabar da safe, kafin a buɗe shago, ma'aikata suka yi cirko-cirko. Injiniya ta shigo cikin rigar aikinta a goge, ta durƙusa ta gaida Baba. Ya amsa a daƙile.

Auta ne zai haɗa wayoyin. Kafin ya shiga bayan labule sai ya tsaya.

"Baba, ka gafarce ni. Ko ta ci, ko ta faɗi, ni dai ita nake so. Na ce gara in faɗa tun ba a kunna ba."

Wayyo! Injiniya ta sunkuyar da kai, daɗi kamar ya kashe ta. Baba ya harare shi kawai ya ce, "Kunna."

Hoton lambu ya fito a talabijin biyun. Ko makaho ya laluba ya san na dama ya fi kyau. Ganye shar, furanni jawur, ruwa na ƙyalli.

"Na dama," in ji Baba, ko ƙifta ido bai yi ba.

Auta ya leƙo daga bayan labule, fuskarsa ta faɗi. "Mai zinaren ce..."

"Gani ya kori ji!" Kashiya ta tafa hannu. "Sai a janye magana, ko Injiniya?"

Idon Injiniya bai bar gilashin ba. Jan furen nan ya yi yawa, kamar an zuba masa janbaki. Ta haɗa talabijin sun fi ɗari, ba ta taɓa ganin waya ta ƙara wa fure ja ba.

"Baba, alfarma ɗaya nake roƙo. A musanya wayoyin."

"Haba! An gama magana ai!" Kashiya ta yi caraf.

Baba ya dubi Kashiya, ya ɗan jima yana dubanta. "Musanya, Auta."

Aka musanya. Ta leda ta koma dama, mai zinare ta koma hagu.

Na dama dai shi ne mai kyau!

Injiniya ta ɗauki rimot ta buɗe saitin hoto. Na hagu launinsa na tsakiya, yadda ya fito daga kwali. Na dama an ja shi har ƙarshe.

"Wa ya taɓa talabijin ɗin nan?" Baba ya tambaya.

Ma'aikata suka kalli juna.

"Na ce wa ya taɓa? Makullin shago a hannun mutum biyu yake, ni da ke, Kashiya."

Kashiya ta fara inda-inda. "Baba, ni... don mutuncinka na yi..."

"Mutuncina? Da maguɗi za ki tsare mini mutunci? Ɓace mini da gani!"

Ta fita da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Injiniya ta daidaita saitin biyun. Baba ya goge tabarau ya matsa kusa. Ya ja baya. Ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya. Minti goma cur yana yi. Daga ƙarshe ya zauna a kujera daɓas, tsufansa ya fito fili.

"Ban ga bambanci ba," ya ce. "Ke nan shekara da shekaru cutar bayin Allah nake yi?"

Tausayinsa ya kama ta har hawaye suka zo. Ta durƙusa a gabansa.

"A'a, Baba. Zamanin wayoyin nan masu kai uku, ja da fari da rawaya, gaskiyarka ce. Waya mara kyau hoto mai yayyafi take bayarwa, idonka bai taɓa yi maka ƙarya ba. Na'urorin ne suka canza. Na yanzu, in tazarar gajera ce, ko dai hoto ya zo cif ko ya dinga ɗaukewa. Mai kyan tana da ranarta: in za a ja ta nesa, ko a binne ta cikin bango inda ba a son a sake fasawa. Can ni da kaina nake cewa a saye ta."

"To me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

"Nauyinka nake ji, Baba."

"Nauyi! Ran Likita ina nauyin ya tafi?"

Ma'aikata suka ƙyalƙyale da dariya, shi ma sai da gemunsa ya motsa. Ya miƙe, ya ɗauko jakar aikinta daga ƙarƙashin tebur, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Daga yau duk wanda ya zo sayen waya, ke zai fara gani." Ya juya ga Auta. "Kai kuma, uban ƴan soyayya, wata biyu aka sa ko?"

"Eh, Baba."

"Ya yi nisa. A mayar da shi ɗaya, kafin wani mai hankali ya riga mu."

Auta ya rasa inda zai sa kansa, sai washe baki yake yi. "Injiniyata..." ya ce ƙasa-ƙasa.

"Rufa mini asiri, a gaban Baba muke!"

Aka ɗaga ƙofar shago. Wani dattijo ya shigo yana tambayar waya mafi tsada, wai ya ji an ce ita ce mai fitar da hoto.

Baba ya gyara zama, ya nuna ta da haɓa.

"Tambayi surukata. In ta ce ka saya, saya. In ta ce ka bari, ko ni na ce ka saya kada ka saya."