Ma'aunin da ke Ƙirjin Rigg

Ƙarfe sha ɗaya na safe aka bugo wa Sufeto Askew waya daga tashar jiragen ruwa ta Barrow. An tsinke wayar hatimin da ke kulle bakin tukunyar ajiya ɗaya a cikin jirgin dakon nukiliya, jirgin da zai tashi zuwa Japan da la'asar.

To, shi Askew ɗan garin ne. Tun yana ƙarami yake hangen jiragen nan ta bayan shinge, bai taɓa taka ko ɗaya ba sai ranar.

A ƙofar rumbu kyaftin ya maƙala masa wani ma'auni a ƙirji, ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana. Suka sauka. Ga ta nan kwance, tukunyar ƙarfe mai tan ɗari, ɗaure da ƙusoshi masu kaurin damtse. Askew ya kai tafinsa kusa, ya ji ɗumi kamar jikin mai rai. Bai san lokacin da ya cire hula ba.

"Abin da ke ciki zai ga bayan jikokin jikokinmu," in ji kyaftin a hankali. "Shi ya sa komai namu biyu ne. Bango biyu, inji biyu."

"Ta yi yoyo?"

"Haba! Ko kusa. Amma sai masu duba sun zo sun sake hatimi. Jirgi ba zai tashi ba sai bayan kwana goma ke nan."

Masu gadi sun riga sun tsare Moira Fell, jami'ar kaya, don ita ce ta ƙarshe da ta sa hannu. Aikinta zai tafi, ga gidan yari.

"Ƙarfe tara na duba, lafiya lau yake, Yallaɓai," ta ce. "Ƙarfe goma kowa na wurin shayi."

Kuku kuwa ya ce ba kowa ba. "Kofin Rigg hucewa ya yi. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba."

Kyamarar ƙofa ma an lulluɓe ta da safar hannu.

Dennis Rigg shi ne shugaban ma'aikatan jirgin, kuma ajinsu ɗaya da Askew a firamare.

"A'a, ɗan sandan keke! An samu ƙarin girma ke nan?" in ji Rigg.

"Kai kuwa har yanzu warin man jirgi kake. Ina kake ƙarfe goma?"

"Can gaba, wajen igiyoyi. Yau ko leƙa rumbu ban yi ba."

Askew ya dubi ƙirjin Rigg, ya dubi nasa. Ya juya wajen kyaftin. "Wannan abin, me yake rubutawa?"

"Tururin nukiliyar da ya taɓa mutum, komai ƙanƙantarsa. Da lokacin."

Aka fitar da takardar bayanan ma'aunan. Daga goma da minti huɗu zuwa goma da tara, ma'aunin Rigg ya ɗan motsa, irin motsin da sai a gefen tukunya ake samu.

"Ka rufe kyamara, Dennis, amma ka sauka da wannan?"

Rigg ya yi wata dariya maras daɗi. "Shekara ashirin da shida ni ke koro duk wanda ya zo ƙofar nan babu shi. Ko tunanin cire shi bai zo mini ba."

"Me ya kai ka?"

"Jibi za a yi wa Eileen aiki a zuciya. Matata, mutumina! Tafiyar nan wata uku ce. Na nemi hutu, aka ce babu madadina." Ya share ido. "A saki yarinyar nan. Ita tukunyar ko yatsa ban ɗora mata ba. Wa ya isa?"

A bakin tsani Rigg ya tsaya. Ya cire ma'aunin, ya rataye shi a ƙusarsa mai lamba goma sha bakwai, ya gyara masa zama, sannan ya miƙa hannuwansa a sa masa ankwa.

Da suka shiga mota, Askew ya ce wa direba, "Bi da mu ta asibiti tukuna."